RA'AYI: Yaran Yamai na son labaran dabbobi, wa zai rubuta musu da harshensu?

Tun daga watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu ne ya ba ta wannan matsayi, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya kuma lissafa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da sauransu a matsayin harsunan da ake magana da su a ƙasar.

An yi ta muhawara a kan matakin, wasu na murna, wasu na ƙorafi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: yaro ɗan shekara bakwai a unguwar Bukoki ko Talaje, idan ya koyi haɗa baƙi da wasali, me zai ɗauka ya karanta don jin daɗin kansa, ba don malam ya tilasta masa ba?

Duk wanda ya zagaya wurin masu baza littattafai a gefen titi a Yamai ya san abin da ya fi yawa a can: littattafan makaranta na Faransanci, da na shirin jarrabawa, da na addini. Littafin labari mai hotuna da aka rubuta wa ƙaramin yaro da Hausa ko Zabarmanci sai an tona.

Amma yaran ba su zauna jira ba. Suna samun labaransu a tashoshin yara na tauraron ɗan'adam da wayoyin iyayensu, kuma mafi yawan taurarinsu dabbobi ne. Akwai 'yan kwikwiyon Pat' Patrouille masu aikin ceto, da aka fara nunawa a 2013. Akwai yarinyar nan Masha da abokinta beyar, daga Rasha. Akwai Simba, ɗan zakin da kamfanin Disney ya fito da shi a 1994, wanda abokai biyu suka raina bayan ya gudu daga gida.

Wannan sha'awa ita ce hanya mafi sauƙi da mafi arha ta jawo yara ga karatu, kuma hukumomin ilimi da marubuta da masu ɗab'i a Nijar sun bar ta ga baƙi. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Idan harshen ƙasa bai da labarin da zai riƙe su, matsayin da aka ba shi zai tsaya a takarda.

Me ya sa dabbobi, me ya sa abota?

Dalili na farko shi ne dabba ba ta da ƙabila. Yamai gari ne na Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Gurmawa, ga baƙi daga Benin da Togo da Najeriya da Mali. Idan jarumin labari yaro ne mai suna, mai riga, mai unguwa, nan take wani yaron zai ce wannan ba irina ba ne. Zomo kuwa na kowa ne. Ɗiyar minista a Plateau da ɗan mai tura ruwa a Harobanda duk za su iya shiga fatarsa.

Na biyu, yaro ƙarami ne a duniyar manya. Kullum ana ba shi umarni, ana aikensa, ana hana shi. Labarin da ɓera ke ceton zaki, ko kurege ke kuɓuta daga hannun kura, yana gaya masa cewa ƙanƙanta ba rashin amfani ba ce. Shi ya sa yara ke tafi idan ƙaramin ya yi nasara.

Na uku, dabba na sanya tazara tsakanin yaro da abin tsoro. Mutuwar uwa, ɓata a daji, yunwa, cin amanar aboki, duk abubuwa ne masu nauyi idan aka faɗe su a kan mutum. Idan ɗan barewa ne ya rasa uwarsa, yaro zai ji tausayi, ya yi kuka ma, amma ya yi barcinsa. A ƙasar da dubban yara suka baro ƙauyukan Tilaberi da Diffa saboda hare-hare, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Na huɗu ya shafi karatun kansa. Yaron Hausa ya riga ya san kura da kwaɗayi da tsoro, zaki da sarauta, dila da wayo, kunkuru da nawa. Marubuci ba ya bukatar shafi biyu na gabatarwa. Mai koyon karatu da ke tuntuɓe a kan kalmomi yana iya hasashen abin da zai biyo baya, kuma wannan hasashen ne ke riƙe shi har ya kai ƙarshen shafi. Maimaici da 'yar waƙar da ke dawowa a tsakiyar tatsuniya su ma haka suke yi.

Ita kuwa abota, ita ce dangantaka ta farko da yaro ke zaɓa da kansa. Iyaye da 'yan'uwa tarar da su ya yi. Aboki shi ya nema, shi zai iya rasawa. Tambayoyin da ke damun ɗan aji biyu su ne wa zai yi wasa da shi, wa ya tona masa asiri, wa ya raba masa ƙosai. Labarin tafiya mai haɗari, inda abokai ke ratsa kogi ko daji tare, yana gwada waɗannan tambayoyi a gabansa.

Tsohon misali shi ne babin kurciya a littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, asalinsa kuma daga Indiya. Kurciyoyi sun faɗa ragar maharbi, suka haɗa ƙarfi suka tashi da ragar gaba ɗaya zuwa wurin ɓera, abokin shugabarsu. Shugabar ta nemi a fara kwance sauran kafin ita. Hankaka ya ga haka ya nemi abota da ɓeran, ɓera ya yi ɗari-ɗari domin ya san hankaka na cin irinsa. Daga baya kunkuru da barewa suka shigo cikinsu, kuma da maharbi ya kama ɗaya, sai da kowa ya kawo baiwarsa kafin a kuɓuta: mai haƙori ya ciza, mai fiffike ya leƙo, mai gudu ta ja hankalin maharbi.

Sama da shekara dubu ke nan ana ba da wannan labari. Wanda ya kalli finafinan zanen da yaran Yamai ke kallo yau zai ga ginin bai canja ba: gungun abokai, kowa da abin da ya iya, ba wanda ya isa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yamai ba baƙuwa ba ce a wannan fage

Abin takaicin shi ne garin da ke sayen labarin dabbobi daga waje yana cikin garuruwan da suka fara wannan aiki a Afirka.

Boubou Hama, wanda aka haifa a Foneko kusa da Tera a 1906, malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974. Duk da nauyin siyasa, bai raina tatsuniya ba. Ya tattara labaran gargajiya ya fitar da su cikin jerin littattafai mai suna Contes et légendes du Niger a shekarun 1970. Ya kuma haɗa hannu da marubuciyar yara 'yar Faransa Andrée Clair suka rubuta wa yara littattafai, ciki har da Le Baobab merveilleux da La Savane enchantée. Ya rasu a 1982. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, inda yaran Yamai ke tururuwa ranar sallah don ganin zaki da kura da dorina, sunansa yake ɗauke da shi.

Moustapha Alassane, haifaffen N'Dounga a 1942, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a nahiyar. Taurarinsa kwaɗi ne. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, a 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya. Ya rasu a 2015. Tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke tsakiyar Yamai yanzu sunansa aka sa mata.

A Yamai ɗin ne kuma cibiyar CELHTO take, wadda aka kafa a 1968 da taimakon UNESCO domin tattara adabin baka, yanzu kuma tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Ga cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Muryoyin tsofaffi da rubuce-rubucen da aka adana a waɗannan wurare taska ce da ɗalibai masu rubuta kundin digiri suka fi yara amfana da ita.

A tsallaken iyaka ma haka. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Abubakar Imam ya fara fitar da Magana Jari Ce a Zariya a 1937, kuma wanda ke riƙe da zaren littafin aku ne, tsuntsun da ya yi ta ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita zuwa halaka. Abota ce tsakanin yaro da tsuntsu, kuma har yau ba a daina karanta ta ba. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. A Senegal, Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji sun rubuta labarin zomo Leuk a 1953 a matsayin littafin koyon karatu.

Su waɗannan mutane ba su ɗauki labarin zomo da kwaɗo wasan yara ba. Shugaban majalisa ne, da wanda ya zama shugaban ƙasa, da editan jarida, da farfesa. Sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsalar ita ce aikin Boubou Hama da Faransanci aka buga shi, a Paris, kuma samunsa a kasuwar Yamai yau ba abu ne mai sauƙi ba. Finafinan Moustapha Alassane kuwa an fi ganin su a bukukuwan finafinai na Turai da Amurka fiye da azuzuwan Nijar. An sanya sunayen mutanen a jikin gine-gine, an bar aikinsu a kabad.

Uzurori huɗu da amsarsu

Akwai masu cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce. Ƙasar da har yanzu dubban azuzuwanta na zana ne, inda gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, ina ta ga lokacin tatsuniya?

Gaskiya ne aji ya riga littafi. Amma alƙaluman ilimi sun nuna cewa zama a aji kaɗai ba ya koyar da karatu. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gano a 2014 cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na yaran Nijar da ke kammala firamare ne suka kai matakin da ake bukata a karatu. A 2019 an samu ci gaba zuwa kusan uku cikin goma. Ke nan bakwai cikin goma sun shafe shekara shida a makaranta ba su iya fahimtar abin da suka karanta yadda ya kamata ba. Karatu kamar tuƙin keke ne, sai da yawan yi. Yaro kuwa ba ya maimaita abin da ba ya so. Ɗan littafi mai shafi 16 da zai karanta sau goma saboda yana son sanin ko bushiya ta tsira ya fi masa amfani a kan babban littafin da ke kulle a ofishin darakta. Kuɗinsa kuma bai kai na buhun siminti ba.

Uzuri na biyu daga wasu iyaye yake fitowa, masu ganin tatsuniya ƙarya ce, dabba kuma ba ta magana. Damuwarsu ta tarbiyya ce, kuma ta cancanci amsa cikin ladabi. Mai ba da tatsuniya ba ya yaudarar kowa: da kalmomin buɗewa yake sanar da cewa an shiga duniyar ƙirƙira, da na rufewa kuma yake fitowa daga cikinta, yara ma sun san haka. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin amfanin buga misali, shi ya sa Kalila wa Dimna ya rayu a ƙasashen Musulmi tsawon ƙarnoni. Ban da ƙirƙira ma, addini ya ba dabbobi matsayi. Akwai surorin Alƙur'ani masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Hadisi ingantacce ya zo da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu. Littafin da ya sa yaro ya daina jifar kare ko ɗaure wa ƙadangare zare bai saɓa wa wannan koyarwa ba.

Uzuri na uku ya fi ƙarfi, domin daga bincike ya fito. A 2017 masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada, ciki har da Patricia Ganea, sun gwada yara 96 masu shekara huɗu zuwa shida. An karanta wa wasu labarin rabon abu da jaruman dabbobi, wasu kuma labarin iri ɗaya da jaruman mutane, sannan aka duba wa zai raba sitikarsa da wani yaro. Waɗanda suka ji labarin mutane ne suka ƙara kyauta. Na dabbobi ba su ƙara ba.

Bai kamata a share wannan sakamako ba. Yana nuna cewa darasin da ke cikin labarin dabba ba ya tsallakawa zuwa halin yaro da kansa. Amma dandalin tatsuniya na gargajiya bai taɓa barin yaro shi kaɗai da labari ba. Kaka na nan, tana tsayawa ta yi tambaya, yara na gardama a kan wa ya yi daidai, washegari kuma idan wani ya yi rowa sai a kira shi da sunan kura. Wannan tattaunawa ce gadar. Ita ce kuma abin da waya ba ta bayarwa idan aka miƙa wa yaro don ya yi shiru. Darasin binciken shi ne a haɗa littafi da babba mai karantawa tare da yaro, a kuma rubuta labaran da yara 'yan'adam ke tafiya tare da dabbobin.

Uzuri na huɗu ya shafi gadon kansa. Masu cewa a koma ga tatsuniyoyin kaka kawai su tuna cewa babban tauraronsu Gizo ne, kuma Gizo ba abokin kirki ba ne. Hankaki sun ara masa gashin fiffike don ya je cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi musu haɗama har suka ƙwace gashinsu suka bar shi. Ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace na zaton da shi take ja. Yawancin labaransa na wayo ne da cin amana, kuma sau da yawa yana tsira.

Wannan ba dalilin jefar da Gizo ba ne. Yara na son sa saboda yana ba su dariya, kuma labarin hankaki darasi ne a kan yadda ake rasa abokai. Amma yana nuna cewa kwafe tsofaffin labarai kaɗai ba zai wadatar ba. Ana bukatar sababbi, waɗanda aka gina a kan amana da haɗin kai, da 'yan mata a cikin jarumai, da matsalolin da yaron yau ya sani: ambaliya, ƙaura, sabuwar makaranta, baƙon da ba ya jin harshen unguwa. Nijar na da abin da za ta gina su a kai. Wasan taubasantaka da barkwancin da ke tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2014, abota ce tsakanin waɗanda suka bambanta, mai tsokana a baki da amana a ciki. Marubucin da ya ba kare da kyanwa irin wannan dangantaka ya samu labarin da ba za a iya shigo da shi daga waje ba.

Jaruman na nan a bakin gari

Kilomita kusan 60 daga Yamai, a yankin Kure, akwai garken raƙuman dawa na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 kimanin 50 suka rage. Da ƙoƙarin hukuma da mazauna yankin, sun haura 600. A 2018 an ɗauki takwas daga cikinsu a mota zuwa gandun Gadabeji a jihar Maradi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, domin su kafa sabon garke a inda irinsu suka ɓace.

Wannan labari ne da ya riga ya rubuta kansa: 'yan raƙuman dawa da aka raba da danginsu, doguwar tafiya, baƙuwar ƙasa, sababbin maƙwabta. A wata ƙasa da tuni ya zama littafi da fim da 'yar tsana. Faransawa sun yi fim ɗin zane mai suna Zarafa a 2012 a kan abotar yaro da raƙumar dawa da aka kai Paris a ƙarni na 19. Nijar mai raƙuman a raye ba ta ba yaranta nasu ba.

Ga dorinar kogin Kwara da ake gani har a kusa da Yamai da Ayoru. Ga ayu da masunta ke ba da labarinsa. Ga giwayen gandun W, wanda ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1996. Ga shamuwa mai zuwa da albishir ɗin damina, da balbela mai bin shanu, da carki mai cire wa manyan dabbobi kaska. Ga jakin da ke jan amalanke a Katako, wanda ya fi kowa sanin titunan gari.

Tun bayan harin watan Agustan 2020 da ya kashe mutum takwas a Kure, da kuma taɓarɓarewar tsaro a yankin gandun W, zuwa waɗannan wurare ya yi wuya. Yaro na iya girma a Yamai bai taɓa ganin raƙumin dawa ba, alhali ya san sunan kowane kare a tashar yara. Kuma zaman dabbobin da mutane ba kullum yake lafiya ba: raƙuman dawa na cin waken manoma, dorina na ɓarna a gonakin shinkafa, wani lokaci har da kisa. Labari mai kyau ba zai ɓoye wannan ba. Yaran da za su yanke hukunci a kan makomar waɗannan dabbobi nan da shekara 20 su ne ke aji ɗaya yanzu.

Abin da ya kamata a yi

Ba daga sifiri za a fara ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram. Cibiyar INDRAP ta daɗe tana shirya littattafan makaranta, masu ɗab'i irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai da harsunan ƙasa, Dogondutsi kuma ta san bikin tatsuniya na Gatan-Gatan. Abin da ya rage shi ne a mayar da labarin jin daɗi wani ɓangare na manufar ilimi.

Ma'aikatar ilimi ta ware kaso a kasafin littattafai domin ƙananan littattafan labari, ta saya daga masu ɗab'i na gida, ta tabbatar sun shiga hannun yara har su tafi da su gida. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. Ba mai ɗab'in da zai zuba kuɗi a littafin yara idan bai san akwai mai saye ba.

Ma'aikatar al'adu ta tattauna da masu haƙƙin ayyukan Boubou Hama domin a fassara na yara zuwa harsunan ƙasa, a kuma riƙa nuna finafinan Moustapha Alassane a Télé Sahel da cibiyar da ke ɗauke da sunansa da cibiyar Oumarou Ganda. A shirya gasar shekara-shekara ta marubuta da masu zane, kyautar kuma ta zama buga littafin da raba shi.

Kowane littafi ya fito da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, hotuna iri ɗaya, rubutu daban. Hakan na rage tsada, yana kuma kwantar da hankalin waɗanda ke fargabar cewa ɗaukaka Hausa na nufin danne nasu harshen. A gari kamar Yamai, littafi mai harshe biyu a shafi ɗaya zai fi karɓuwa.

Gidajen rediyo, daga Muryar Sahel zuwa na karkara, su ware minti goma da yamma domin labari mai ci gaba. Iyaye da dama ba su iya karatun boko ba, amma kowa na iya sauraro tare da ɗansa ya kuma yi masa tambaya.

Marubuta su daina ganin rubutun yara ƙasƙanci ne. Adabin kasuwar Kano ya tabbatar tun shekarun 1980 cewa Hausawa na sayen littafi don nishaɗi, sai dai kusan duka na manya ne. Kasuwar yara a buɗe take daga Yamai zuwa Maradi da Katsina da Kano, kuma bambancin rubutun ƙasashen biyu kaɗan ne. Akwai ma shafin African Storybook da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2014, inda ake iya ɗaukar labarai masu hotuna kyauta, a fassara, a buga, ciki har da na Hausa. Malami mai waya da injin buga takarda na iya farawa a wannan mako.

Su kuma iyaye, hana kallon katun ba zai yi aiki ba, kuma ba laifi ba ne yaro ya so Simba. Abin da ake bukata shi ne a zauna tare da shi, a tambaye shi wane ne abokin kirki a cikin labarin da dalilinsa, sannan a ba shi labarin Gizo da hankaki ya kwatanta.

Gwamnati ta ɗauki mataki babba a kan harshe, kuma za a auna nasararsa ne a bakin yara da hannunsu. Kasafin shekara mai zuwa zai nuna ko an ware wa littafin labari wani abu. Idan ba a ware ba, yaran Yamai za su ci gaba da samun abokansu na dabbobi kamar yadda suka saba, da Faransanci, daga ƙasashen da ba su da raƙumin dawa ko ɗaya a daji.